Rabon Wanda Aka Bari a Zango



Wanda ya san ni ya san ba ni da hulɗa da wasan yara. Aikina riƙe alƙalami a gaban dattijo: in an kawo ƙara in rubuta, in an yi sulhu in rubuta, in an tara gudummawar biki ko ta rasuwa in lissafa wanda ya bayar da wanda ya yi alkawari. Na san wani zai yi mamaki ya ga mai furfura ya zauna yana ɓata tawada a kan wasan bidiyo. Ina roƙonsa ya yi mini uzuri, domin tambayar da yara suka kawo mini a kan wasan nan na taɓa rubuta irinta a littafin ƙararraki, kuma a wancan karon har da hawayen babban mutum.

A hutun da ya wuce ɗan ƙanwata ya sayo wata tsohuwar na'urar PlayStation 2 'yar gwanjo, ya kafa ta a zauren gidanmu. Wata rana bayan la'asar ruwan sama ya tsare ni a zauren, na rasa abin kallo sai allon talabijin. Wasan da yake yi sunansa Final Fantasy X, wanda kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar a 2001. Labarin wasu matafiya ne su bakwai, amma idan faɗa ya tashi mutum uku kaɗai ke tsayawa a fage, huɗu na jira a baya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, dabbar da suke faɗa da ita ba ta taka kara ta karya ba, sara ɗaya ya ishe ta, amma yaron ya ƙi ya ƙarasa ta. Sai ya fitar da wannan ya shigo da wancan, kowa ya yi motsi ɗaya, ko da tsayuwar kare kai ce, har bakwai ɗin suka zagayo, sannan ya kashe ta.

Na ce masa, "Kai, wannan wace irin wahala ce?"

Ya ce, "Kawu, duk wanda bai shigo ya yi wani abu ba, ba ya samun maki. In na bar shi haka, gobe ba zai iya komai ba."

Abokinsa da ke gefe ya ce wannan zalunci ne, a wasan da shi yake yi kowa samu yake, ya shiga faɗa ko bai shiga ba. Ɗan ƙanwata ya ce ai wannan wasan ragwaye ne. Gardama ta kaure, daga ƙarshe suka juyo kaina, wai tunda ni ke rubuta shari'ar manya, in yanke musu. Na ce mas'ala ce, a ba ni kwanaki. Kuma na yi amfani da kwanakin: na zaunar da su suka yi mini bayani dalla-dalla, na bincika abin da zan iya bincikawa.

Ga yadda abin yake, domin tsarana da ba su taɓa riƙe na'urar ba. A irin waɗannan wasanni mai wasa yana jagorantar ƙungiyar jarumai, wadda ni zan kira ta ayari, domin babu kalmar da ta fi dacewa da ita. Duk lokacin da aka ci nasara a faɗa, sai a ba jarumai makin gogewa. In maki ya taru jarumi ya hau mataki, ƙarfinsa ya ƙaru, ya ƙara jure sara. Tushen wannan lissafi wani wasan takarda da alƙalami ne mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, daga nan ya shiga kwamfuta. Matsalar tana tasowa ne saboda ayari ya fi fage yawa. Dole a bar wasu a baya. To wanda aka bari, yana da rabo ko ba shi da shi?

Na tarar masu ƙera wasannin sun rabu kamar mazhabobi. Akwai masu tsanani, irin na Final Fantasy X da na ambata, da jerin wasannin Fire Emblem, inda wanda ya kai sara ko ya yi jinya shi ke kwasar makinsa, wanda aka bari a sansani ya tashi a tutar babu. Akwai masu tsaka-tsaki: a Final Fantasy VII na 1997 'yan jira suna samun rabin abin da 'yan fage suka samu. Akwai kuma masu sassauci. A Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, mutum huɗu ke fita, sauran su zauna a zango kusa da wuta, amma ranar da ka kira ɗayansu za ka tarar matakinsa daidai da naka. Shi kuwa Pokémon, wanda abokin nan yake yi, ya yi ta sauya fatawa da tafiyar shekaru. A fitowar X da Y ta 2013 an ba mai wasa zaɓi ya kunna rabo, duk halittu shida da ke tare da shi su samu, waɗanda ba su yi faɗa ba su ɗauki rabi. Da aka zo Sword da Shield a 2019 rabon ya zama dole, babu wurin kashe shi, kuma masu wasa da yawa suka yi ta ƙorafi a kan haka.

Zan fara da hujjar masu tsanani, domin ba hujjar banza ba ce, kuma da farko ita zuciyata ta fi karkata gare ta. Sun ce maki sunansa makin gogewa, gogewa kuwa ba dukiya ba ce da za a zuba a faifai a raba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ni da na tashi a makarantar allo na san gaskiyar wannan tun ina ƙarami. Mun raba tuwo, mun raba bargo, mun raba bulala ma in laifin na taro ne, amma ban taɓa jin an raba hadda ba. Wanda ya wanke allonsa ya biya shi ya biya, wanda ya yi barci a kan nasa gobe zai maimaita, ko da malam ubansa ne. In ka ce wanda ya kwana a zango ya ƙware da takobi kamar wanda ya kwana a daga, ka faɗi abin da hankali ba ya karɓa.

Sai dai da na sake duban yadda ɗan ƙanwata ke wasa, na ga inda tsananin ya kai shi. Dokar ta ce sai wanda ya halarta, shi kuma ya nemo hila. Jarumin da ya shigo ya ɗaga hannu sau ɗaya ya fita bai koyi komai ba, an dai rubuta sunansa cikin mahalarta. Irin wannan halarta mun san ta sarai a unguwar nan. Ana aikin gayya ko gyaran maƙabarta, sai wani ya iso da farar riga daf da tashi, ya ɗauki shebur ya kwashi ƙasa sau biyu inda dattawa za su gan shi, in an zo rabon goro hannunsa na gaba. Dokar da ke koya wa mutane irin wannan zuwa, akwai gyara a cikinta. Ga kuma ɓata lokaci: faɗan da zai ƙare cikin daƙiƙa goma ya kai minti biyu, a maimaita haka sau ɗaruruwa, a gidan da ake sayen wutar lantarki da kati.

Daga nan na koma ga abin da na karanta a gaban malamai. Ina neman tsari daga kwatanta wasa da al'amarin addini; abin da nake ɗaukowa shi ne hankalin da ke cikin hukuncin, domin tambayar rabon wanda bai halarta ba an yi ta tun kafin a haifi kakannin masu ƙera kwamfuta. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, wato 624, an yi saɓani a kan ganima tsakanin waɗanda suka bi abokan gaba, da waɗanda suka tattara kaya, da waɗanda suka tsaya gadin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A kan haka Suratul Anfal ta sauka, aka raba a tsakaninsu duka. Abin da ya fi wannan jan hankali shi ne an ba wasu rabo alhali ƙafarsu ba ta taka filin Badar ba. Sayyidina Usman ɗan Affan ya zauna a Madina yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, da umarni, aka ba shi rabonsa. Ɗalha ɗan Ubaidullahi da Sa'idu ɗan Zaidu an aike su leƙen asirin ayarin Ƙuraishawa, ba su dawo a kan lokaci ba, aka ba su. Abu Lubaba an mayar da shi daga hanya ya riƙe gari, aka ba shi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani zai tuna cewa a babin jihadi an kafa ƙa'idar a kan haka: rabo na wanda ya halarta ne, da wanda ya rasa halarta saboda yana cikin wata hidimar rundunar. Malamai ba su tsaya a kan ko mutum ya zo ko bai zo ba. Sun tambayi dalilin rashin zuwansa, da wanda ya zaunar da shi.

Maƙwabtanmu Kiristoci ma suna da labari mai kama da wannan a littafinsu, game da Annabi Dauda, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya fita da mutum 600, 200 suka gaji suka tsaya a bakin wani rafi wurin kaya, 400 suka ci gaba suka ci nasara. Da wasu daga cikin mayaƙan suka ce kada a ba 'yan bakin rafi komai, sai ya hana, ya mayar da rabon mai tsaron kaya daidai da na mai shiga yaƙi.

To a wasan bidiyo, wa ya zaunar da wanda ke zaune? Mai wasa ne, da ƙa'idar wasan da ta ce fage ba ya ɗaukar fiye da uku ko huɗu. Jarumin bai ce ya gaji ba, bai ɓuya ba. A wasan ɗan ƙanwata akwai wani mai suna Kimahri, shuɗi, mai kama da zaki, mai karyayyen ƙaho, ba ya yawan magana, shi ke tsaron yarinyar da ake rakiya tun tana ƙarama. Yaran suka ce mini shi aka fi bari a baya, domin duk abin da ya iya akwai wanda ya fi shi iyawa. Na ce Allah sarki, irinsa ba su da wuyar samu a gidajenmu.

Mu mutanen Zongo bai kamata wannan tambaya ta zame mana baƙuwa ba, domin sunan unguwarmu kansa sunan wurin jira ne. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Kakanninmu fatake sun yi ta tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. Salaga ce babbar kasuwarsu har yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta ratsa Sansanin Mango a arewacin ƙasar nan. A cikin ayari akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki, akwai malamin da ke rubutu da addu'a. Waɗannan su ake ambata. Amma in an sauka zango, manya sun shiga gari gaida sarki da biyan fito da cinikin kaya, akwai waɗanda ke zama. Su ke yanko wa jakuna ciyawa, su kunna wuta, su kwana ido biyu saboda kura da ɓarawo. In a hanyar dawowa ne, su ke kwance huhun goro, su tsince wanda sankara ta taɓa kada ya ɓata sauran, su yayyafa ruwa, su sauya ganye, su ɗaure. Goron da ya isa Kano da lafiya ya isa ne ta hannun mutanen da ba su san nawa aka saye shi ba.

Ni kaina na taɓa wannan aiki. A 1977, lokacin da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari aka maido da mu nan arewa, wajen kilomita 15 daga inda muke, ina yaro ɗan shekara bakwai ko takwas. Mahaifina da yayyena suna ta jigila, su ɗauko kwanon rufi da ƙyaure da katako, su sauke su koma. Ni aka ɗora a kan tarin kayan aka ce kada in motsa. Na yini ina kuka, ina ganin an raina ni. Da dare mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, ta zuba mini tuwo daidai da na yayyena, babban ya yi ƙorafi, ta ce masa in da ba ya zauna ba, da me za ku rufa ɗakin? Har yau ina jin daɗin tuwon nan. Amma kuma har yau ban san yadda ake kwance rufin kwano ba tare da an yaga shi ba, yayana kuwa da wannan sana'ar ya yi aure.

A nan ne maganar ta rabu mini biyu, kuma ina ganin a nan ne masu ƙera wasanni da yawa suka cakuɗa abu biyu cikin suna ɗaya. Akwai rabon da ke hana mutum faɗuwa ƙasa da tsaransa, akwai kuma sanin aiki. Na farko ana iya bayar da shi, kuma wajibi ne a bayar. Na biyu sai an je.

Me ya sa na ce wajibi? Saboda tazara tana haihuwa. In ka bar jarumi a baya kwana ɗaya, gobe ya fi kowa rauni, saboda rauninsa ka sake barinsa, jibi in ka shigo da shi sara ɗaya zai faɗi. Wanda ka fi so ya ƙara ƙarfi saboda ka fi son sa, sai ka ce ai ka gani, dama shi ne gwani. Mai wasa yana tsammanin zaɓi yake yi, alhali zaɓinsa na ranar farko ne ke ɗaure masa hannu. Sannan ranar buƙata ta zo. A Final Fantasy VI na 1994, in an kai hasumiyar ƙarshe dole a raba jarumai ayari uku, kowanne ya bi tasa hanya, kuma a nan mai wasa ke gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda ya manta da su a jirgi su ne za su riƙe masa hanya guda.

Yanzu bari in koma kan ƙarar da na ambata. Tsarin ciniki a Zongo, musamman na shanu, ya daɗe a kan maigida da yaransa. Wani Bafaranshe mai nazarin al'umma, Michel Agier, ya zauna a cikinmu bayan ƙaura, ya rubuta littafi a kan haka wanda ya fito a 1983. Maigida ke saukar da baƙi masu kawo dabbobi daga arewa, ya ciyar da su, ya tsaya musu a ciniki, ya lamunci bashin mahauta, ya ɗauki la'ada. Wasu shekaru da suka wuce wani maigida ya riƙe yara biyu, ba na cikinsa ba. Ɗaya baki gare shi da saurin lissafi, shi yake ɗauka zuwa kara a Adetikope, shi yake turawa har Sinkase taren baƙi. Ɗayan shiru-shiru ne, shi aka bar wa gida: shimfiɗar baƙi, ruwan alwalarsu, ajiyar kuɗinsu, zagayen karɓar bashi a wurin mahauta. Fiye da shekara goma ana haka. Da maigida ya tsufa ya tashi sallamarsu, sai ya ba na farko jari da sunan gida, na biyu ya ba shi kuɗin mota da addu'a, wai ai bai san shanu ba, ko an ba shi jari zai narkar.

Mutumin nan ya zo gaban dattijonmu, yana da mata da 'ya'ya uku, ya tsuguna ya ce, "Baba, gaskiya ne ban san shanu ba. Amma a tambaye shi, ranar da na ce zan bi shi kara, me ya ce mini?" Aka tambayi maigida. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na ce masa in ya tafi wa zai zauna da baƙi." A nan hawaye ya zubo wa mai ƙara, ni kuma na ajiye alƙalami na ɗan lokaci.

Dattijo ya yanke abu biyu. Ya ce a ba shi jari, ko da bai kai na ɗan uwansa ba, domin amanar da baƙi suka yi wa gidan da shi aka gina ta. Sannan ya ce kuɗi kaɗai ba zai wadatar ba, tunda maganar maigida cewa zai narkar gaskiya ce. Saboda haka ɗan uwan nasa zai riƙa tafiya da shi kara shekara guda, ya nuna masa duban haƙori da taɓa tozo da kimanta nama a tsaye. Na rubuta, suka sa hannu. Abin da ban rubuta ba, domin ba wanda ya kawo ƙararsa, shi ne rabon matan gidan da suka shekara ashirin suna tuƙa wa baƙin nan tuwo dare da rana. Wannan wata magana ce, kuma tana nan tana jiran mai tayar da ita.

Da na ba yaran labarin nan a taƙaice, sai abokin ɗan ƙanwata ya ce ai akwai wasan da ya yi hukunci irin na Baba. Chrono Trigger, na 1995. Na bincika na tarar haka ne. A cikinsa uku ke fita, waɗanda aka bari suna samun kashi uku cikin huɗu na makin gogewa, don haka ba sa nisa da tsaransu. Amma akwai wani maki na daban, na koyon dabarun faɗa, wanda ba a ba kowa sai wanda ya tsaya a fage. Har ma akwai dabarun da mutum biyu ke haɗuwa su yi tare, waɗanda ba sa buɗewa sai an fita da su biyun a ayari ɗaya. Wanda ka bari, in ka dawo gare shi za ka same shi da ƙarfin da zai tsaya, amma da ƙarancin dabara, kuma kana ganinsa ka san bashin tafiya kake bin kanka. A ganina wannan ita ce fatawar da ta fi kusa da daidai.

Ban yarda da cikakken rabo irin na Baldur's Gate 3 ba, ko da yake na fahimci dalilinsa. Wasa ne mai tsawo, masu yinsa da yawa magidanta ne da ba su da lokacin komawa baya su yi renon wanda ya makara, kuma masu ƙera shi suna so ka ji labarin kowane abokin tafiya ba tare da tsoron rauninsa ba. Wannan tausayi ne ga mai wasa, na yaba. Abin da nake ƙi shi ne yana shafe alama. In littafi ya nuna kowa daidai yake, madugu ba zai taɓa tuna cewa akwai wanda ya bari kusa da wuta tun farkon tafiya ba. Ni mai riƙe da littafi ne, na san haɗarin lissafin da ya yi kyau fiye da gaskiya. Maigidan nan da na ba da labarinsa bai taɓa hana yaronsa abinci ko kayan salla ba, kuma wannan ne ya sa bai ga abin da ya hana shi ba. Haka kuma ban ga dalilin da Pokémon zai ƙwace zaɓin daga hannun mai wasa ba; wanda yake so ya yi renon halittunsa ɗaya bayan ɗaya da guminsa, a bar shi mana.

Wani zai ce duk wannan dogon zance a kan zanen da ba shi da rai, wanda ba ya jin yunwa ba ya jin haushi. Gaskiya ne Kimahri ba zai kawo ƙara gaban dattijo ba. Amma yaron da ke riƙe da na'urar yana da rai, kuma sa'o'in da yake yi yana raba maki sun fi waɗanda yake yi a gabana yawa. Gobe shi ne mai shago a Hedzranawoe, ko mai tura motoci daga tashar jirgin ruwa zuwa Nijar, da yara a ƙarƙashinsa, wani ya bi mota wani ya zauna gadin fili. Ina so a ce abin da hannunsa ya saba da shi tun yanzu shi ne waiwayen wanda ke zaune.

Ranar da na tara su zan faɗi hukuncina, ina cikin bayani sai idona ya faɗa kan ƙanen ɗan ƙanwata, ɗan shekara tara, yana tsaye a bakin ƙofa. Sai a lokacin na tuna cewa duk hutun nan a nan nake ganinsa. Shi ake aika sayo ruwan leda, shi ke tsaron takalma, shi ke leƙawa ya ce ga Kawu nan a rage ƙara. Na tambaye shi ko ya taɓa riƙe na'urar. Ya girgiza kai. Yayan ya yi sauri ya ce, "Kawu, bai iya ba ne, zai sa a kashe mini mutane."

Na ce, "In ya zauna, wa zai sayo ruwa, ko ba haka ba?"

Bai gane inda na dosa ba, amma abokinsa ya gane, ya fashe da dariya. Na sa aka miƙa wa ƙaramin na'urar. Sau uku ana karkashe masa ayari, yayan na riƙe da kai kamar an yi masa gobara. A karo na huɗu ya ci, da Kimahri a cikin ukun da ya zaɓa, wai shi ya fi burge shi saboda ƙahon. Na ciro dala ashirin na ba babban, na ce ya je ya sayo mana ruwa.